Mutumin da Ya Toshe Giɓin Ƙofar Yayansa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, kafin hayaƙin motoci ya turnuƙe babban titin kasuwa, akwai wani dattijo da ke bin gefen kwalta a ƙafa, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Rigar ma'aikatan hanya ce a jikinsa, irin mai ƙyallin nan, rana ta cinye launinta. A hannunsa akwai gwangwanin fenti rawaya da ɗan buroshi. Baƙo zai ɗauka ɗan bola ne. Injiniya ne a ma'aikatar ayyuka ta birni, kuma a titin nan ba mai kiransa da sunan yanka. Kankare ake ce masa.

Abin da yake nema a ƙasa shi ne fasasshen gilashin fitilar mota, da baƙin sawun taya inda aka taka birki da ƙarfi, da takalmi wari ɗaya wanda mai shi bai samu damar dawowa ya ɗauka ba. Duk inda ya ga irin wannan, sai ya ɗiga fenti a dutsen gefen titi, don ya san wuraren da hanya ke cin mutane. Yakan ce titi ba ya ɓoye abin da ya faru jiya, sai in tsintsiya ta riga ka. Shi ya sa kullum yake tsere da masu shara.

Shugabar masu sharar wata mata ce mai baki kamar reza, kowa Gwaggo yake ce mata.

"Kankare, yau ma ka riga mu? In aikin namu kake so ga tsintsiya, mu kuma a ba mu ofis da fanka."

"Gwaggo, fankar ta mutu tun bara. Me ya faru a gaban gidan mai? Na ga gilashi."

"Mai babur ne ya sumbaci bayan bas. Ya tashi yana zagi, ka ga da ransa ke nan."

A makon da ya wuce wannan mutum ya ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira mai hoto ba. Wannan rubutu jinjina ce gare shi, kuma ba a nemi yardar kowa ba kafin a yi ta. Akwai masu cewa mutumin ba shi da zumunci, wasu ma suna cewa butulu ne. Su ma su karanta, ba a hana su ba.

A shekarun baya titin kasuwa siriri ne. Mota biyu da kyar suke gilma juna, masu talla sun cinye gefensa, magudanar ruwa a buɗe tana jiran ƙafar makaho. Da aka tashi faɗaɗa shi, Kankare aka ɗora a kan aikin, ba don ya fi kowa girma a ofis ba, sai don manyan ba sa son rana. Shi ya tsaya aka kawar da turakun lantarki, aka sauya wa bututun ruwa wuri, aka rufe magudana, aka fitar wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu. Titi ya zama tagwaye. A tsakiya aka gina shinge na kankare mai kai wa ƙugu, tun daga danja har shataletale, don kada mai zuwa ya yi karo da mai dawowa. Mai son juyawa sai ya kai shataletale ya zagayo.

Daidai tsakiyar wannan tsawo akwai wani babban shagon kayan gini, ana sayar da siminti da rodi da kwanon rufi. Mai shagon yayan Kankare ne, ciki ɗaya. Kuma ba yaya kawai ba. Mahaifinsu ya rasu Kankare yana rarrafe, yayan ne ya bar makaranta ya shiga dako don ƙanen ya yi karatu. Auta yake kiransa, ko da furfura ta fito masa.

Lokacin da ake aikin, ɗan kwangila ya roƙi a bar masa giɓi a shingen, daidai ƙofar shagon, don motocin kaya su riƙa tsallakawa kafin a gama. Abu ne da ake yi a aikin hanya, kuma Kankare ya yarda, da sharaɗin a toshe kafin a buɗe titi. Sai aka zo buɗewa cikin gaggawa. Manya suka yanka ƙyalle, aka yi tafi, ɗan kwangila ya kwashe injinansa ya yi gaba. Giɓi ya zauna daram.

To, ga inda halinmu ya fito fili. Ba wanda ya ce mantuwa aka yi. Kowa cewa ya yi Kankare ɗan halak ne, ya tuna da wanda ya raine shi. A wurin taro mutane su kama hannunsa biyu-biyu: "Allah ya yi maka albarka, haka ake zumunci." Har suna aka raɗa wa wurin, Giɓin Alhaji, wato yayan nasa, masu bas na kiransa kamar tasha. Mu mutane ne da za mu yabe ka a kan ɓarna muddin ɗan'uwanka ya amfana, mu tsine maka a kan gyara muddin ɗan'uwanka ya taɓu. Yabon nan ya riƙa cin Kankare kamar ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabuwar kwalta sumul take, direbobi suka saki ƙafa. Tirela ɗauke da siminti sai ta karyo ta giɓin, ta gindaya jikinta ta tare hanyar gaba ɗaya, mai tahowa a guje ya tarar da bango a gabansa. Masu babur suka mayar da wurin hanyar yanke, su fito ta nan su bi hannun da ba nasu ba. Iyaye masu kai yara makaranta ma nan suke kutsawa, tsakanin taya da taya. A sauran titin sai ka yi tafiya kafin ka ga ɗigon fentin Kankare. A gaban giɓin kuwa dutsen ya koma kamar jikin zabo, ɗigo a kan ɗigo.

Ya kai maganar ofis, aka ce ana dubawa. Ana cikin dubawar ne, wata safiya, wata ƙaramar mota ta kauce wa tirela mai juyawa, ta yi kan shinge inda wata abokiyar aikin Gwaggo ke shara. Uwar 'ya'ya ce, mijinta na kwance ba lafiya. Ko asibiti ba a kai da ita ba. Kankare ya iso ya tarar an lulluɓe ta da mayafin Gwaggo, tsintsiyarta a tsakiyar kwalta motoci na bi ta kai. Gwaggo ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiga fentinka mana. Ai abin da ka iya ke nan."

Bai ɗiga ba. Ya tsaya da gwangwanin a hannu har aka ɗauke gawar.

Masu tsayuwar kallo suka ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma wanda ya haƙa rami a hanya ya bar shi a buɗe, ba shi da bakin da zai tsaya a gefen ramin yana yi wa mutane wa'azin ajali.

Da yammar ranar Kankare ya shiga shagon. Yayan na zaune a kan benci yana shan shayi, masu dako na sauke rodi. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Yaya, wurin nan zan toshe shi."

"Wane wuri?"

"Giɓin."

Yayan ya yi dariya har shayin ya kusa zuba, ya juya ga masu dako. "Kun ji Auta. Ni mai sayar da siminti, ni za a toshe wa ƙofa da siminti. To a ina za ka saya? In a nan ne sai in yi maka ragi."

"Ba wasa nake ba, Yaya. An mutu a wurin."

"A kan gado ma ana mutuwa, sai a hana kwanciya? Direban ne mahaukaci." Ya ajiye kofin, dariyar ta ɗauke. "Ka san in sai mota ta kai shataletale ta zagayo, masu sayayya shagunan tsallake za su koma? Baki nawa ke ci a shagon nan? Har da naka, tun ba haƙori a cikinsa."

Kankare ya sunkuyar da kai.  Da ya ɗago cewa ya yi, "Na sani, Yaya. Ba izini na zo nema ba. Na zo ne kada ka ji a bakin wani."

"Tashi ka ba ni wuri."

Da rana tsaka ya yi aikin, kowa na gani. Ya zo da leburorin ma'aikata da kafinta, aka kafa katako, aka ɗaura rodi, aka zuba kankare. Bai kuma bar masu tafiya a ƙasa ba hanya ba. Daidai ƙofar kasuwa ya fitar musu matsallaka: tudun rage gudu a kowane hannu, farin zane a kan kwalta, da wata siririyar ƙofa mai lanƙwasa a jikin shingen, wadda mutum da kayansa zai bi amma babur ba zai iya ba.

Ba a jima ba aka wayi gari an fasa sabon ginin. Wani mai faci da rumfarsa ke kallon wurin, da aka tambaye shi wa ya yi, cewa ya yi, "Ni taya nake dubawa, ba fuska ba. Ina da iyali." Kankare bai tsananta masa ba. Ya dawo da katako ya sake zubawa. Aka sake fasawa. Sai ya lura tun ginin na ɗanye ake far masa, don haka ya ƙara kaurin rodi, ya kuma riƙa zama a wurin da kansa yana yayyafa masa ruwa har ya kama. Mai facin ya ce a lokacin ne sunan ya bi shi. "Mu da muke kallo mun rasa wanne ya fi tauri, ginin ko mai ginin. Masu guduma dai su suka fara gajiya."

A ofis ma ba a ƙyale shi ba. Darakta ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Wai kai me ke damunka? Manyan 'yan kasuwa sun zo nan har sau nawa. Kuma yayanka ne fa, ba nawa ba. Ka kau da kai mana."

"Ranka ya daɗe, zanen titin da kuka amince da shi ba giɓi a ciki. In ana son giɓi, a sake zane, a sa hannu, ni da kaina zan fasa."

Ba a samu mai sa hannun ba, don kowa ya san jinin wanda za a taka a nan gaba a wuyan mai hannun zai rataya. Amma an rama ta wata hanya. Duk lokacin ƙarin girma sai sunansa ya yi ɓatan dabo. Matasan da ya koya wa riƙon ma'auni suka zo suka wuce shi, ya koma yana ce musu ranka ya daɗe.

Wannan bai dame shi ba kamar zaman da aka yi a ɗakin mahaifiyarsu. Inna ta tsufa, ganinta ya ragu, amma muryarta na nan. Ta tara 'ya'yanta, ta sa aka zaunar da Auta a gabanta.

"Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yayan nan naka da kake gani shi ne ubanka."

"Inna, ban yanke shi ba. In gidana yake so, yau zan kwashe yara in miƙa masa makulli. Amma titin ba nawa ba ne. Ba zan yi kyauta da abin da ba nawa ba."

Wata yayarsa mace ta tafa hannu. "Oh ni! Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a ma'aikatar? Sauran duk 'yan wuta ne?"

"Ban san nasu ba, Yaya. Ni na yarda aka bar giɓin, ni za a tambaya."

Babban yayan ya bari kowa ya gama. Sannan ya miƙe ya gyara hularsa. "Inna, ki shaida. Sallamarsa zan amsa, don Allah ya ce a amsa. Bayan wannan, ba ni ba shi."

Ya kuwa cika maganarsa. Shekaru suka shuɗe. Duk ƙarshen mako Kankare zai je shagon ya durƙusa, a amsa masa sallama, a juya ga wani zance kamar ba mutum a wurin. Ranar da ya aurar da 'yarsa ta fari, an ajiye wa yayan kujera a gaba, aka tashi taro ba wanda ya zauna a kanta. Matarsa ta ce bayan baƙi sun watse ya shiga ɗaki ya rufe, ya daɗe, da ya fito idanunsa jajur, ya ce mata hayaƙin girki ne.

Kada a yi ƙarya don a ƙawata jinjina. Yayan ya yi asara ta gaske. Ciniki ya ja baya, ya sallami wasu masu dako, shagon da a da ba wurin sa ƙafa ya zama ana jin ƙarar fanka a cikinsa. Kankare ya san haka, kuma bai taɓa cewa ƙarya ne ba. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a biya cinikin gidansu da rayukan 'ya'yan wasu.

Me aka samu? Ɗigon fenti ya daina ƙaruwa a wurin, tsofaffin ma ruwan sama ya wanke su. Shi ke nan. Rashin sa'ar irin wannan aiki ke nan: wanda aka ceta bai san an cece shi ba. Wanda tirela ba ta taka ba, ba ya zuwa godiya. Yana gidansa yana cin abinci, wataƙila ma yana zagin wanda ya sa shi zagaye har shataletale.

Kai ne, Kankare, wanda aka yaba a kan kuskure ya ƙi karɓar yabon. Kai ne ka san zafin rabuwa da wanda ya goya ka, ka ji shi har cikin ƙashi, ba ka kuma ce ba ya ciwo ba. Da ba ka son yayanka, da abin da ka yi ba komai ba ne, kowane mai taurin zuciya zai iya. Kana son sa ka yi. Sha guduma, kwana a tsaye.

Masu jira sun yi ta jira ya bar aiki. Washegarin ranar da ya mayar da rigar ma'aikata, da hantsi, sai ga wasu ƙarti da ƙatuwar guduma sun nufi shingen, ba ɓoyo ba kunya. Mai facin nan da ya ce taya kawai yake dubawa, shi ya kira shi a waya. Kankare ya iso cikin rigar zaman gida, da lema a hannu.  Ya dafa shingen, ya hau da kyar, ya zauna daidai inda giɓin yake a da, ya buɗe lemarsa.

Mai riƙe da gudumar ya ce, "Baba, ka sauka. An ce ka yi ritaya, ba ka da iko a nan."

"Gaskiyarka, ba ni da iko. Hutawa nake. Mai ritaya ba zai zauna inda ya ga dama ba?"

"Za mu same ka fa."

"To ku fara ta can, in kun iso nan sai mu gaisa."

Ana cikin haka sai ga Gwaggo da masu shararta. Ta jingine tsintsiya, ta tattare zani. "Matsa, Kankare. Kai kaɗai gwamnati ta gina wa?" Ta hau ta zauna. Sauran matan suka bi ta. Mai faci ya bar tayar da yake dubawa ya zo. Wasu mata masu kayan miya daga ƙofar kasuwa suka ajiye farantansu suka ƙaru. Motoci suka rage gudu, ana leƙowa ta taga. Ƙartin suka tsaya da guduma a kafaɗa, sun rasa inda za su sauke ta.

Sai yayan ya fito daga shago, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin kwalta ya daɗe yana kallon jerin mutanen da ke kan shingen. Sannan ya ɗaga murya ta saman motoci.

"Kai mai guduma! Kawo ta nan, tawa ce."

 Abin da kowa ya sani shekara da shekaru, cewa shi ke sa a fasa ginin, yau mai shi ya faɗa da bakinsa.

"Ku ƙyale shi. Wannan tun yana ƙarami in ya zauna a bakin ƙofa sai dai a tsallake shi." Ya juya kamar zai koma ciki, sai kuma ya tsaya, bai kalli kowa ba. "Auta, rana ta yi, ga ka da hawan jini. In ka gama haukan, akwai benci a inuwa."

 Kankare bai sauka ba. Ya ce, "To, Yaya. Bari gudumar ta fara shiga."

Sai da ta shiga, ya ga an jingine ta a bayan buhunan siminti, sannan ya sauko ya tsallaka.

Ko sun shirya? Ba a sani ba. Benci ba sulhu ba ne, kuma abin da shekaru suka ɓata ba zama ɗaya ke gyara shi ba. Abin da aka sani shi ne shingen na nan a tsaye, kuma yayan da bakinsa ya ce a ƙyale shi.

Mun gode, Kankare. Mun gode a madadin waɗanda ba za su taɓa sanin suna da dalilin gode maka ba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sanyaya zuciyar yayanka, ya jiƙan baiwar Allah da aka rasa kafin a toshe wurin.

Ku kuma masu karatu, kada ku tafa ku watse. Kowannenku na da irin wannan giɓi a wurin aikinsa. Malamin da ke ƙara wa ɗan ƙanwarsa maki ya san nasa. Ma'aikaciyar asibitin da ke tsallake layin marasa lafiya don surukarta ta san nata. Mai duba gini da ke kau da kai don maginin abokin mahaifinsa ne ya san nasa. Kuna kiran abin zumunci, alhali wani ne can da ba ku san fuskarsa ba yake biya da jikinsa. Ku fara zuwa ku durƙusa ku faɗa wa ɗan'uwan da bakinku, sannan ku toshe da rana tsaka. Za a ce ba ku da kirki. Za a bar kujera ba kowa a ranar farin cikinku. Za a zo da guduma.

In an zo, ku hau ku zauna.